Maƙera ta zama sunan unguwa, Maƙeri ya kasa zama sunan gida

Daren 29 ga Mayun 2021, da Chelsea ta doke Manchester City da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Porto ta ɗauke kofin zakarun Turai, sunan N'Golo Kante ne ya cika gidajen kallon ƙwallo tun daga Kano har Damagaram. Ana dab da tashi aka sako Mateo Kovacic ya tsaya kusa da shi a tsakiyar fili. Iyayen Kante mutanen Mali ne, Kovacic kuwa Kuroshiya yake buga wa ƙwallo, ba su haɗa yare ba, ba su haɗa addini ba. Amma sunayen gidajensu biyun daga bakin wuta ɗaya suka fito. A ƙasar Mande, wato yankin Mali da Gini, Kante sunan zuriyar maƙera ne tun zamanin Sumanguru Kante, sarkin Soso da Sunjata, wanda ya kafa daular Mali, ya ci da yaƙi wajen shekarar 1235. Kovacic kuma a harshensu ɗan maƙeri ke nan.

In ka bi duniya da wannan ido, sai ka ga maƙeri ya riga kowa yaɗa suna. A Ingila da Amurka babu sunan gidan da ya kai Smith, wato maƙeri, yawa. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta samu sama da mutum miliyan 2 da dubu 400 masu amsa shi. Helmut Schmidt da ya shugabanci Jamus ta Yamma daga 1974 zuwa 1982, sunan maƙeri yake ɗauke da shi. Haka Kowalski a Folan, Kuznetsov a Rasha, Haddad a ƙasashen Larabawa, Demirci a Turkiyya. Motar nan Ferrari da samarinmu ke liƙa hotonta a waya, asalin sunan daga masu aikin ƙarfe ne, kuma mahaifin Enzo Ferrari da gaske yana da wurin aikin ƙarfe a Modena.

Dalilin yawan sunan ba ɓoyayye ba ne. A ƙauyen da kowa manomi ne, in ka ce “Audu manomi” ba ka ware kowa ba. Maƙeri kuwa kowane gari yana da shi, kuma bai fi gida ɗaya ko biyu ba, saboda haka laƙabin yana nuna mutum kai tsaye, kuma ana maimaita shi a dubban garuruwan da ba su san juna ba. A Ingila sunayen gida sun fara kafuwa ne bayan mamayar da Normandawa daga Faransa suka yi a 1066, a gidajen masu ƙasa tukuna, sannan suka gangaro kan talakawa. Mai karɓar haraji ya taimaka ƙwarai: harajin kai da aka ɗora a 1377 da 1379 da 1381 ya sa dole a rubuta kowane John a bambanta shi da John na maƙwabta. Zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu sunan da ɗa ke gada ko da bai taɓa riƙe masaba ba. Wurare ma sun samu rabonsu, kamar unguwar Hammersmith ta Landan da ta samo suna daga maƙera. Sai dai ba kowane wuri mai kama da sunan ne na maƙera ba: tsohuwar kasuwar nama ta Smithfield a Landan, daga shimfiɗaɗɗen fili sunanta ya fito, kunne ne kawai ya karkata shi.

To mu fa? A wajen sunayen wurare babu wanda zai nuna mana yatsa. Hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu Maƙera ce, maƙwabciyar Kakuri, inda aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa masana'antar makamai ta soja a 1964. Akwai mazaɓar Maƙera a Funtuwa, akwai a Dutsin-ma, akwai a Minna. Sakkwato tana da Maƙera Assada, inda har yau ake jin amon ƙarfe, Birnin Kebbi tana da Maƙerar Gandu. Sauran sana'o'i ma ƙasa ba ta manta da su ba. Cikin birnin Kano akwai Dukawa da Soron Ɗinki, ga karofin Ƙofar Mata da allonsa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin, ga majemar Ƙofar Wambai. Karofi gari ne a ƙasar Dutsin-ma. Wanzamai gari ne a ƙasar Tsafe, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Hedikwatar ƙaramar hukumar Munya a jihar Neja sunanta Sarkin Pawa. A birnin Zariya akwai unguwar Babban Gwani, ta gidan maginin nan Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Duk wanda ya iya Hausa, in ya karanta taswirar ƙasar nan, zai san wa ya zauna ina, da abin da yake ci da shi.

Abin ya ma wuce unguwa. Ruwayar da Abagayawa, tsohuwar zuriyar maƙeran Kano, suka riƙe ita ce, kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano da ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna, garin ya ci sunansa. Masu tonon ƙasa sun samu alamun narkar da tama a Dala da suka kai ƙarni na 7, wato labarin yana da gindin zama. A tarihin Bayajidda ma, kafin ya isa rijiyar Kusugu sai da ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa makamin da ya sare macijiyar. Ko mutum ya ɗauki labarin a tarihi ko a tatsuniya, waɗanda suka tsara shi sun san cewa jarumi bai isa Daura da hannu sake ba. In ruwayar Abagayawa ta tabbata, to Malam Aminu Kano, da filin jirgin saman da aka sa wa sunansa, da duk mai rubuta Kano a ƙarshen sunansa, sunan maƙeri suke yawo da shi ba su sani ba.

Amma ka ɗauki jerin sunayen ɗaliban kowace jami'a a Arewa, ko na ma'aikatan kowace sakatariya, ka nemi Maƙeri, ko Baduku, ko Majemi, ko Mahauci, ko Wanzami a gurbin sunan gida. Ɗaiɗai za ka gani, in ma ka gani. Abin da za ka tarar shi ne Dukawa, Soronɗinki, Maƙera, wato sunan unguwa. Sana'ar ta shiga takarda ta bayan gida. Mai sunan yana cewa can aka haife ni, bai ce aikin ubana ke nan ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai Bahaushe ba shi da al'adar sunan gida tun asali. Akwai gaskiya a ciki. Da sunan yanka da laƙabi muke kiran juna, kuma kunya ta hana yaro ambaton sunan mahaifinsa gatsau. Da boko ta zo, aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ajin da ke da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu dole a raba su, sai aka riƙa jingina kowa ga garinsu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita, da Shehu Shagari, da Sa'adu Zungur. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a makaranta. A Nijar kuma tsarin Faransa ya fi karkata ga rubuta sunan uba bayan na ɗa.

Sai dai wannan amsa ba ta kai ƙarshen magana ba, domin muna da sunayen gida na aiki, har sun yi yawa. Alƙali aiki ne. Liman aiki ne, Ladan aiki ne, Wali da Ma'aji da Waziri da Madaki da Galadima duk ayyuka ne. Adamu Ciroma ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977 da sunan sarauta a ƙarshen sunansa, babu wanda ya ga baƙon abu. Jikan alƙali, ko da tukin mota yake yi, Alƙali zai rubuta a fom, 'ya'yansa ma su rubuta. Fatauci ma ya samu shiga: Maigoro, Maishanu, Maiturare, Madugu, duk ana gadonsu ba tare da sunkuyar da kai ba. Ashe mun san yadda ake mayar da aiki sunan zuriya. Zaɓe muka yi. Aikin rawani da alƙalami da jakar kuɗi mun ɗauka, aikin da ke sa hannu baƙi ko jini ko warin jima mun bar shi a bakin ƙofa.

Kowa ya san inda wannan zaɓe yake fitowa fili, wato ranar neman aure. Yaro ya yi karatu, yana da aikin yi, yana salla, yarinya tana so, sai a tura bincike, a dawo a ce, “Ai gidan mahauta ne,” ko “Kakansa wanzami ne,” magana ta mutu. Wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika da ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1949 da 1950 ya rubuta yadda Hausawa ke jera sana'o'i hawa-hawa, masu sarauta da malamai da attajirai a sama, mahauta da makaɗa da maroƙa a can ƙasa, ya kuma bambanta karda, sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da rana tsaka. Sunan mutumin M. G. Smith, abin dariya abin takaici. Fiye da shekara 70 ke nan, kuma jerin nasa bai tsufa ba a zauren da ake yanke maganar aure. Maƙeri, a gaskiya, ya fi mahauci da wanzami sauƙin wannan ƙyama. Ana shakkarsa saboda wuta da asirinta, ana kai masa wanda ya ƙone, Sarkin Maƙera yana da wurin zama a fada. Amma girmamawar ba ta kai a so a amsa sunansa a ofis ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu kafa wannan ƙyama da sunan kare mutunci irin na addini. A suratu Saba'i Allah ya ce ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, ya umarce shi ya ƙera sulke. Akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe. Khabbab ɗan Aratti, cikin na farkon shiga Musulunci, maƙeri ne a Makka. Da aka haifa wa Manzon Allah (SAW) ɗansa Ibrahim, gidan maƙeri Abu Saif aka kai shi shayarwa, kuma ingantaccen hadisi ya nuna yana zuwa gidan, hayaƙi ya turnuƙe, ya ɗauki yaron ya sumbace shi. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi da hannunta take jima da ɗinkin fata, ta yi sadaka da kuɗin. Manyan malaman da muke karanta littattafansu, da yawa da sunan sana'a aka san su: Jassas mai aikin farar ƙasa, Ƙaffal mai ƙera kwado, Zajjaj mai aikin gilashi, da Imam Haddad na Tarim a Hadramaut. Sannan mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, bai sa sana'a ko asali cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata ba. Addini da lafiya daga aibobi ya duba. Duk wanda ya kori mai neman aure don kakansa ya riƙe aska, to ya nemi wata hujjar, kada ya rataya wa Imam Malik.

Akwai magana mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba ta wasa ba ce. Za a ce rashin irin waɗannan sunaye rahama ne. A Mali da Gini, da jin Kante ko Kuyate an san gidan da mutum ya fito, maƙeri ne ko maroƙi, kuma har yau akwai gidajen da ke hana aure a kan haka. Maƙeran Buzaye, waɗanda ke ƙera kayan azurfar da Agadas ta yi suna da su, a tsakaninsu suke aure tun kaka da kakanni. A Indiya sunan gida kan bi mutum har kabari. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma wanda aka ɗaura wa linzamin ƙasƙanci ba zai gode wa mai ba da shawarar a ƙara ɗaure shi ba. Ɗan mahaucin da ya bar garinsu ya zama Musa Ibrahim Gusau ya samu damar fara rayuwa ba tare da an yi masa hukunci tun daga jin sunansa ba. Wa zai ce ya yi laifi?

Ban ce ya yi laifi ba, kuma ba na kiran a tilasta wa kowa suna. Abin da nake cewa shi ne dabarar ɓoyewa ta kare mutum ɗaya ɗaya, ta bar ƙyamar tana nan da ranta. Masu binciken aure ba katin shaida suke dubawa ba, tsofaffin unguwa suke tambaya, kuma tsofaffi ba sa mantuwa. Illar da ɓoyewar ta yi ita ce, duk ɗan gidan sana'a da Allah ya ɗaukaka, ɗaukakarsa ba ta komawa kan sana'ar. Akwai likitoci 'ya'yan wanzamai, akwai injiniyoyi 'ya'yan maƙera, akwai manyan 'yan kasuwa da kuɗin fawa ya kai su makaranta, amma jama'a ba ta ganin haka a rubuce, sai ta ci gaba da zaton gidajen nan ba sa fitar da kowa. Turawa ba don sun fi mu son mai gumi sunan Smith ya yi daraja a wurinsu ba. Su ma sun yi zamanin raina masu aikin hannu. Sunan ya manne ne tun ba a shawarci kowa ba, jikoki suka zama alƙalai da janar-janar da shi, har ya daina nuna matsayi. Margaret Thatcher ta mulki Birtaniya daga 1979 zuwa 1990 da sunan gidan mijinta, wanda asalinsa mai baibayar ɗaki da ciyawa ne, ba a taɓa jin abokin hamayya ya yi mata gori da shi ba. Kuma bambancinmu da Mali ko Indiya babba ne: sana'a a ƙasar Hausa ba ta taɓa zama rufaffen gida ba, kalmar shigege kanta shaida ce cewa ana shiga ana fita.

Abin da ya sa maganar ta zama ta yau shi ne, mu ne muke cikin irin lokacin da Ingila ta shiga a ƙarni na 14, Turkiyya kuma ta shiga da dokar 1934 da ta wajabta wa kowane gida zaɓen suna. Tun da aka fito da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma ɗaure layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN a ƙarshen 2020, sunan Bahaushe ya daina sauyawa yadda ya ga dama. Duk wanda ya taɓa neman gyaran harafi ɗaya a takardunsa ya san wahalar. Yau uba yana cike wa jariri fom, ya sa sunan kakan yaron a gurbin sunan gida, gobe yaron ya sa wa nasa 'ya'yan shi, shi ke nan ya zauna. Abin da aka buga a kwamfuta cikin shekarun nan shi za a gada. In aka tafi a haka, nan gaba rabin Arewa Muhammad da Abubakar da Ibrahim ne, sauran kuma Waziri da Galadima, har da waɗanda sarautar ba ta taɓa bi ta ƙofar gidansu ba. Mai karanta sunayenmu a nan gaba zai ɗauka al'ummar nan ba ta taɓa ƙera garma ba, ba ta jeme fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko ba, ba ta saƙa ta rina tufafin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana kai su har Timbuktu ba.

Saboda haka gidan da ya san asalinsa kuma yake alfahari da shi, ina ganin lokacin rubuta shi ne yanzu. Wanda kakansa Sarkin Maƙera ne ko Sarkin Aska ko Sarkin Fawa yana da haƙƙin sunan kamar yadda jikan Madaki yake da nasa. Na san na farkon yi za su sha tsokana a aji da wurin aiki. Waɗanda ya kamata su fara su ne waɗanda tsokana ba za ta rage su da komai ba, farfesoshi da manyan ma'aikata da attajirai, ba yaron da ke neman aikin farko ba.

Sunayen wurare kuwa ba su da wannan matsalar ko kaɗan, domin ba sa ɗaure kowa, kuma su ne kaɗai rajistar da masu sana'a suka bari. Al'adar ba ta mutu ba. Talakawa suna nan suna raɗa wa wurare suna da abin da ake yi a cikinsu: 'Yan Katako, 'Yan Lemo, 'Yan Awaki, 'Yankaba. Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano su ne maƙerun wannan zamani, inda walda ta karɓi aikin zuga-zugi. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen hukuma da masu yanka filaye. Sabuwar unguwa ba ta samun suna sai na Turanci ko na wanda ke kan kujera, tsohon titi kuma ana wayar gari an kafa masa allo da sunan wani babba, gwamnati ta sauya a sake cirewa. Babu laifi a karrama mutum, amma a yi masa sabon titi, a bar wa marina da majema nasu. Allunan ma a riƙa rubuta su da haruffanmu. Makera da aka cire wa ƙugiya, yaron da ya tashi a Kaduna yau zai iya wucewa ta gabanta kullum bai taɓa kawo maƙeri a ransa ba.

Aikin ba mai tsada ba ne. Kowace masarauta tana da masu unguwanni da dagatai da suka san iyakar kowace unguwa da sunanta na asali. Sarakunan maƙera da na fawa da na aska da na magina suna nan ana naɗa su har gobe, kuma su ne suka san wane gida ya fara zama a ina, daga wane gari ya taso, a zamanin wane sarki. Sassan tarihi da na Hausa a Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello da jami'ar Damagaram suna yaye ɗalibai duk shekara, kowanne yana neman abin da zai yi bincike a kai. A raba musu unguwannin, kowa ya je da rikoda ya zauna da dattawan, a tattara abin da aka samu a miƙa wa ƙananan hukumomi, ya zama sai an duba shi kafin a sauya wa wani lungu suna.